Katin memori ya "yi korof": me za mu ce da Hausa?

Jama'a, a taimaka mu tsayar da magana a kan wannan. Mai ɗaukar hoto ya zare kati daga kyamara ya zura a kwamfuta, ta ƙi buɗewa, ta ce sai an yi masa fomat, wato a share shi a sake tsara shi. Masu sana'ar kan ce katin ya "yi korof", daga kalmar Turanci "corrupt". Kada wanda ya kawo mini cin hanci da rashawa don ya gani a ƙamus, kati ba ya karɓar na goro.

Da aka tambayi me za a ce da Hausa, amsar da ta fi yawa ita ce "ya lalace". Ni dai ban gamsu ba. Wanda aka ce wa abinsa ya lalace ya riga ya fid da rai: ko ya yar da katin, ko ya danna fomat ya ci gaba da ɗaukar sababbi a kai. Wannan ci gaba da ɗaukar shi ke hallaka tsofaffin hotunan, alhali kafin nan galibinsu suna nan daram.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Katin SD, wanda SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999, yana da filin da hotuna ke kwance, yana kuma da jadawalin da ke faɗin inda kowane hoto ya fara da inda ya ci gaba.   In batir ya ƙare kyamara tana tsakiyar rubutu, ko aka zare kati fitilarta tana ƙyaftawa, sau da yawa jadawalin ne ke hargitsewa. Kamar littafi ne aka yage shafin da ke jera babobinsa, babobin kuwa ba wanda ya taɓa su. Shi ya sa nake ganin mu ce "kati ya rikice". Abin da ya rikice ana warware shi, kuma duk Bahaushen da ya ji kalmar zai dakata ya nemi mai dubawa.

Wata baiwar Allah ta kawo "ya gurɓace". Malama, kalmarki tana da gurbi, amma a kan hoto guda. Akwai wanda zai buɗe rabi, sauran rabin toka-toka ko zane-zanen launi, domin wani abu daban ya shiga cikin bayanansa. Wannan kam hoto ya gurɓace, ba musu.

"Ya mutu" kuma mu bar wa katin da kwamfuta ba ta ma san an zura shi ba, ko an canja abin karanta kati. A nan ɗan guntun da ke sarrafa katin ne kan samu matsala, ba manhajar da za ta yi aiki, sai ƙwararru masu karanta ma'ajiyar kai tsaye.

Sai kalma ta biyu, wadda ake ce wa "rikoba", wato sake samo hotunan da suka ɓace a kati. An ba da "ƙwato", an ba da "farfaɗo", an ba da "dawo da". Ƙwato yana nufin wani ya riƙe, nan kuwa ba kowa. Farfaɗo na wanda ya suma ne. "Dawo da" ya dace da hoton da aka goge yana kwandon shara na kwamfuta, ko wanda aka taɓa adanawa a wani wuri. Aikin gaba ɗaya "ceto hotuna" ya ishe shi, amma yadda manhaja ke yin sa, ban ga kalmar da ta kai "zaƙulo" ba. Ku dubi PhotoRec, manhajar kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ba ruwanta da jadawali. Bin katin take gurbi-gurbi tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Hoton JPEG, irin da kyamara ta saba ajiyewa, da alamar FF D8 FF yake farawa, ya ƙare da FF D9; da ta ci karo da farkon sai ta bi shi ta ciro. Shi ya sa hotunan ke fitowa ba sunayensu na asali, ba jakunkunansu, sai lambobi barkatai, domin sunayen a jadawali suke. Ranar ɗauka da sunan kyamara kuwa suna tsira, tunda cikin hoton kansa aka rubuta su. Bidiyo ya fi ba da wahala, saboda yakan warwatsu a wurare daban-daban a katin, in an zaƙulo shi ya fito guntu-guntu.

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko duk wannan ba ɓata lokaci ba ne, tunda kowa ya gane "korof". Malam, gwada faɗa wa mai biki cewa katinsa ya rikice amma za a zaƙulo hotunan, ka ga ko zai bari a sake ɗaukar ko guda a kai. Abin da ake bukata daga gare shi ke nan: ya daina amfani da katin, ya tura ɗan makullin gefe zuwa kulle, a kwafe katin sukutum zuwa kwamfuta a yi aiki a kan kwafin, kuma abin da aka ceto kada a mayar da shi kan katin da ake ceto daga gare shi.

"Fomat" ni na bar ta yadda take. Masu cewa "wankewa" sun faɗi rabin gaskiya. Fomat na gaggawa sabon jadawali kawai yake shimfiɗawa, ana iya zaƙulo hotuna bayansa. Cikakken fomat a Windows, tun daga samfurinta na Vista, sifiri yake rubutawa a ko'ina, wannan shi ne wankewa ta gaske.

Akwai kuma katin da aka rubuta masa gigabait 128 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Yana karɓar hotuna kamar lafiya lau, amma da ya cika, na baya ba su da inda za su sauka, ko su hau kan na farko. Wannan bai rikice ba, ba kuma mai zaƙulo abin da ba a taɓa rubutawa ba. Sunansa jabu.