Rufin ajujuwa uku: taimako muke yi, ko ɗauke wa gwamnati nauyi?

Aminu (sakatare): Assalamu alaikum. Kamar yadda muka tsayar a taron Kawo ranar Lahadi, kuɗin da ƙungiyarmu ta tara bana za su tafi wajen rufe ajujuwa uku na makarantar firamaren ƙauyen nan na bayan Zariya, waɗanda iskar farkon damina ta yaye wa kwano tun bara waccan. Sai dai Barista Nura ya ce bai gamsu ba, ya nemi a saurare shi a gaban kowa kafin a taɓa ko sisi. Bismillah, Barista.

Barista Nura: Wa alaikumus salam. Iyayena da yayyena, a yi mini uzuri, maganar da zan yi ba mai daɗi ba ce. Ni a ganina wannan aiki da muke yi shekara huɗu ke nan, ƙarshensa cutar yaran yake yi. Karatun firamare da ƙaramar sakandare haƙƙin yaro ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne, kuma dole ne. Dokar ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jiha za ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta, sannan ta karɓa, ta gina ajujuwa ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ke nan kuɗin gini suna da inda doka ta ajiye su. Duk ranar da muka ɗora kwano da kuɗin aljihunmu, mun cire makarantar daga cikin masu kuka, wanda ya kamata ya ji kunya kuma ya samu sararin numfashi. Da mun sa rabin wannan ƙarfi wajen rubuta takarda da bin ofis, da zaunar da kansila da ciyaman, da makaranta goma za ta amfana, ba ɗaya ba.

Malama Hadiza: Barista, ni ce nake koyarwa a makarantar da ake magana a kanta, don haka bari in gaya maka abin da idona ke gani. 'Yan aji uku da aji huɗu a gindin darbejiya suke zama. Allona wani guntun falanki ne da na shafa wa gawayin batir na jingina da itacen. Da hadari ya haɗu daga gabas, ba sai na ce a tashi ba, yara da kansu suke tattara littattafansu a leda su ruga gida, domin wasunsu sai sun tsallaka rafi. A watan Agusta da ya wuce akwai satin da kwana biyu kacal muka yi karatu. Cikin ajin da rufinsa ya tafi kuwa, daɓen ya farfashe, awaki ne ke kwana a ciki. Takardar da kake magana, hedimastanmu ya rubuta har sau uku, ni da kaina na raka shi kai ɗaya. An karɓa, an buga hatimi, an ce mu jira. Yarinyar da take aji uku lokacin da muka kai ta farko, yanzu tana talla a bakin titi.

Barista Nura: Malama, wallahi ban raina wahalarki ba. Amma takardar hedimasta shi kaɗai daban take da takardar mutum sittin da ke zaune a cikin garin Kaduna, cikinsu da 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati.

Malama Hadiza: To ku rubuta mana. Amma yaran a ina za su zauna kafin a amsa?

Hajiya Asabe (ma'aji): Nura ɗana, ni ba doka na karanta ba, atamfa nake sayarwa a Kasuwar Barci. Amma na san waɗanda suka ba da kuɗin nan. Akwai mai sayar da ƙosai da take kawo mini ɗari biyar duk Juma'a, ta ce a sa mata a ginin makaranta, ladan ya je wa mahaifiyarta da ta rasu. Sadaka mai gudana ta nufa. Yanzu in koma in ce mata mun fasa, za mu sayi takarda da man mota mu riƙa zarya ofis? Amana ce a hannuna, kuma da sunan rufi aka ba ni.

Injiniya Yusuf: Hajiya, ina tare da ke a kan amana. Amma akwai gaskiya a maganar Barista ta wani gefen da bai taɓo ba, kuma laifin namu ne. Watan jiya na bi ta makarantar da muka gyara shekara uku da suka wuce. Na tsaya na shiga. Ƙofofi biyu babu, an ɓalle su da firam ɗinsu. Bencina ashirin muka kai, na ƙirga bakwai. Rafta ta kusurwar yamma gara ta cinye, na sa yatsa ya nutse, domin kafintan da muka ɗauka bai shafa wa katakon baƙin mai ba, mu kuma muna sauri a gama kafin ranar ɗaukar hoto. Kwanon ma mai arha muka saya, na san da haka, na yi shiru saboda kuɗi ba su kai ba. Na tambayi wani dattijo da ke zaune a kusa, me ya sa ba a gyara ƙofar ba? Ya ce, "Ai makarantar mutanen Kaduna ce, muna jiran su dawo." Wannan kalma ta hana ni barci. Mun je da motoci, mun yi aiki a sati biyu, mun tafi, ba mu bar wa kowa makullin a zuciyarsa ba.

Barista Nura: Ka ji ko. Gwamnati ta ce namu ne, mutanen gari sun ce namu ne, mu kuma muna Kaduna.

Malam Garba: Ku ba ni dama, ni da na ga jiya. A 1976 aka fara shirin UPE na karatun firamare kyauta ga kowa, ina saurayi sabon malami. Yara suka cika makarantu har babu wurin zama. A ƙauyen da aka tura ni, dagaci ya sa aka yi shela, aka fito aikin gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mata suka ɗebo ruwa a tulu, samari suka saro azara. Aji biyu muka tayar kafin kaka. Daga baya hukuma ta kawo kwano da alli da malamai. Babu wanda ya ce mun ɗauke wa gwamnati nauyi, domin ginin nan shi ne ya ba mu bakin magana. In dagaci ya je wurin hakimi, yana cewa ne ga ɗaki mun gina, ina malami? Kuma ba wanda ya isa ya ɓalle ƙofa, don kowa ya san gumin ubansa yana jikin bangon. Abin da Injiniya ya gani, ba aibin gyara ba ne, aibin yadda kuka yi gyaran ne. Kun yi wa mutane aiki, ba ku yi aiki da su ba.

Injiniya Yusuf: Gaskiya ne, Baba. Na karɓa.

Malam Garba: Sai dai, Nura, in za ka yi faɗa, ga inda za ka kai shi: malamai. Kwano kowa zai iya saya. Albashin malami kuwa ba ƙungiyar da za ta iya ɗauka wata bayan wata har ya yi ritaya. Kun tuna 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawa da tambayoyin aji huɗu? Kusan 33,000 suka zauna, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000 sababbi. Har yau mutane na gardama a kan wannan, ni ma ina da abin faɗa ta kowane ɓangare. Wasu da aka kora da gaske ba su iya ba, na yi aiki da irinsu. Amma abin da na gani da idona a ƙauyukan da na sani shi ne, wanda aka kora ɗan gari ne, yana kwana a nan. Wanda aka turo daga birni da takardarsa ta koyarwa ta NCE babu ɗakin kwana, babu ruwa, kuɗin mashin ya cinye albashi. Wasu sun daure, wasu wata uku suka nemi canji. Hadiza, ku nawa ne yanzu?

Malama Hadiza: Mu huɗu ne, Baba, har da hedimasta. Aji shida. In ɗaya ya tafi karɓar albashi ko jinya, sai a haɗa aji biyu wuri ɗaya.

Barista Nura: To kun gani. Za mu rufe ɗaki uku, malamin da zai shiga ɗaya daga ciki babu shi.

Anti Rifkatu: Ina gaishe ku duka. Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ba a ambata ba, kuma mu mutanen Kajuru da Chikun shi ne farkon abin da muke tambaya. Ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka shiga makarantar Kuriga da safe, suka kora yara daji. Sai bayan sati biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137. Kafin nan, a 2021, an kwashi ɗaliban makarantar Bethel Baptist da na kwalejin gandun daji ta Afaka. Ina da ƙanwa da ta cire 'ya'yanta uku daga makarantar ƙauyensu, ba don rufi ba, ginin lafiyarsa ƙalau. Tsoro ne. Don haka kafin mu tara yara a ɗaki mai kyau, mu tambayi kanmu wurin yana da lafiya? Wa ke gadi? Wannan kam ba mu da ikonsa, a nan ina bayan Barista ɗari bisa ɗari.

Malama Hadiza: Anti, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa ƙanwarki da kwanciyar hankali. Mu ta wajenmu, alhamdu lillahi, da sauƙi, makarantar tana tsakiyar gari, kusa da gidan mai unguwa. Abin da ke korar mana 'yan mata daban ne, kuma kunya ke hana a faɗa. Babu makewayi. Yarinya in ta kai aji biyar ta fara girma, ba za ta zaga bayan aji ba, maza na kallo. Sai ta riƙa fashin kwana huɗu, biyar duk wata, daga nan uwar ta ce ta zauna gida kawai. In da za a tambaye ni, a rufe aji biyu, kuɗin na uku a haƙa makewayi biyu, na mata daban da ƙofa mai sakata.

Hajiya Asabe: Allah ya yi miki albarka, Hadiza. Shekara huɗu muna wannan aiki ba wanda ya faɗa mana haka, don maza muke tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan zan iya komawa in faɗa wa masu ba da kuɗi ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Injiniya Yusuf: Zai yiwu. In mutanen gari suka kawo yashi da ruwa da lebura, kuɗinmu ya tsaya a siminti, rodi, katako da kwano mai kauri. Wannan karon sai an ɗaure rafta da rodi a cikin linta, ba a ɗora ta kan bulo kawai ba, abin da ya sa iska ta ɗauke na farko ke nan. Birkila da kafinta kuma a ɗauki 'yan garin, ko da aikin zai ja wata biyu. Kuma kada a fara sai kwamitin kula da makaranta ya zauna, da dagaci da liman da iyaye mata, sun faɗi wanda zai riƙe makulli da wanda zai gyara in wani abu ya lalace.

Barista Nura: Na ji duka, kuma maganar makewayi ta shige ni. Amma kada a ɗauka na sauka daga ra'ayina. Har yanzu ina ganin muna saba wa hukuma da cewa in ta yi shiru wani zai yi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma firamare tana cikin abin da ke wuyansu. Ƙananan hukumomi 23 gare mu a jihar nan. Wa a cikinmu ya taɓa zuwa ya tambayi ciyaman ɗinsa nawa aka kashe wa makarantu bana? Gudummawata ta bana ba zan sa ta a kwano ba. Zan rubuta takardar neman ƙarin malamai biyu, in bi ta da ƙafata da kuɗin motata, kuma ina so kowa a nan ya sa hannu da cikakken sunansa.

Anti Rifkatu: Ni zan sa. A ƙara da maganar maigadi da katanga a ciki.

Malam Garba: Ni ma zan sa, kuma in ƙafata ta bari zan raka ka. Amma ka je ƙauyen tukuna ka ga darbejiyar nan, ka zauna da dagaci. Takardar ta fito daga bakinsu, kai ka sa mata harshen lauya kawai.

Hajiya Asabe: Nura, kasonka na rufi zan cike shi daga wajena, kada lissafin Injiniya ya samu giɓi.

Barista Nura: Hajiya, ba haka na so ba.

Hajiya Asabe: Na sani, ɗana. Kai ka yi naka.

Aminu (sakatare): To ga abin da na rubuta: aji biyu da makewayi biyu, ba a sayen komai sai bayan zama da mutanen gari, takarda kuma tana hannun Barista. Wanda bai yarda ba ya yi magana kafin isha'i. Tafiya ranar Asabar, haɗuwa a tashar Kawo ƙarfe bakwai. Injiniya, ka zo da tef ɗin awo. Malama Hadiza, a sanar da mai unguwa, kuma a ce iyaye mata su zo.

Malama Hadiza: Zan faɗa masa yau bayan la'asar. Ku taho da takalman roba, rafin ya kawo ruwa.