Me ya haɗa "bring home the bacon" da neman kuɗi?

Ɗan Garin Malam: Salamu alaikum malamai. A darasin Ingilishi na ci karo da "she brings home the bacon". Ƙamus ya ce bacon naman alade ne. To ina alade, ina neman kuɗi?

Malamin Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada alade ya razana ka, babu nama a maganar. Wanda ke fita ya nemo abin da gida zai ci ake nufi, mai ba da kuɗin cefane. Ko tiya biyu ta hatsi ka auno a kasuwar Dole, a bakin Ba'ingilishe bacon ka kawo gida. Bafaranshe cewa yake "faire bouillir la marmite", wadda ta fi kusa da ɗora tukunyarmu. Inda ɗalibai ke tuntuɓe: sukan zubar da "the", ko su ce "bringed" maimakon "brought". Maganar hira ce, kada ka sa ta a takardar neman aiki.

Hajiyar Zongo: Game da asali, ana yawan kai ta Dunmow, a yankin Essex na Ingila. Can akwai tsohuwar al'ada: miji da mata su rantse cewa shekara guda da kwana ɗaya ba su yi nadamar aurensu ba, sai a ba su ɓarin alade mai gishiri su tafi da shi gida. Har yau ana yi duk bayan shekara 4, samari 6 da ƴan mata 6 ke yanke hukunci.

Malamin Birni: Hajiya, labarin da daɗi, amma ban ba shi ƙarfi ba. Al'adar ta shekara ɗaruruwa ba a ga maganar a rubuce da wannan siffa ba. A Amurka ta yi tashe, a 1906. Ranar 3 ga Satumba, Joe Gans, baƙar fata ɗan Baltimore, ya dambata da Battling Nelson a Goldfield, jihar Nevada. Mahaifiyarsa ta aika masa da saƙon telegiram kafin wasan, ta ce idon duniya na kansa, ya kawo bacon gida. Sai a turmi na 42 ya yi nasara, bayan Nelson ya kai naushi ƙasa da ɗamara aka kore shi. Jaridun wasanni suka ɗauki maganar. Shi ya sa ma'anarta ta farko cin nasara ce, har yanzu ana faɗa wa ƙungiyar da ta ɗauko kofi. Ta cefane daga baya ta rinjaya.

Hajiyar Zongo: Na karɓa, Malam. Ɗana, kada dai ka haɗa ta da "save your bacon", ita tsira daga rigima take nufi.