Me masu gyaran iri ke nema a tsohon wiwin Maroko?

Ɗalibin Noma, Tawa:
Salamu alaikum manya. Malaminmu ya kawo misalin da ya ɗaure mini kai. Wai a duwatsun Rif na Maroko ana ƙoƙarin ceto wani tsohon irin tabar wiwi mai suna beldiya, tun da ƙasar ta halatta noman don magani da masana'antu a 2021. Irin da bai kai sababbi yawan amfani ba, riƙonsa na mene ne? Jarrabawa ce a gabana, kada a yi mini wata fassara.

Tsohon Malamin Gona, Yamai:
Wa alaikumus salam ɗana. Beldiya da ruwan sama kaɗai take rayuwa, ta nuna da wuri. Irin da aka shigo musu da shi daga Turai ya fi ta kilo, amma sai da rijiya da injin ban ruwa, ga shi Maroko ta jera shekaru tana fari. Wannan juriyar ba a ɗakin bincike aka ƙera ta ba, manoma ne suka yi ta zaɓe kaka bayan kaka. Mai gyaran iri kuwa ba ya ƙirƙira, haɗa abin da ya tarar yake yi. Skunk, sabon irin wiwin da aka fitar a Kaliforniya wajen shekarun 1970, daga tsofaffin irin Afganistan da Kolombiya da Meziko aka haɗo shi.

Inda gizo ke saƙar: wiwi na da namiji da mace, iska ke kai garin furen. Maƙwabci ya shuka baƙon iri, naka ya gauraye ba da saninka ba. Hatsinmu ma haka yake gauraya ta iska. Idan kana son maki, rubuta musu HKP, ingantaccen irin hatsi: daga Haini Kire, tsohon irin manoman yammacin Nijar, aka tace shi. Shi ya sa cibiyar binciken noma ta ICRISAT ke ajiye dubban samfurin hatsi a Sadore, kusa da Yamai.

Manomin Albasa, Galmi:
Baba ya gama magana. Mu nan ba ma wasa da iri. Mahaifina da hannunsa yake ware albasar da zai bari ta yi fure: mai jan ɓawo, siririyar wuya, wadda ta yi watanni a rudu ba ta ruɓe ba. Wata shekara ƙanena ya sayo irin gwangwani, kawunan suka yi manya gwanin sha'awa, kafin kuɗin albasa ya tashi rabi ya zama ruwa.

Maman Biyu, Tawa:
Kai ɗalibi, a takarda dai ko? Nan Nijar doka ba ta san beldiya ba, jandarma ma haka. Ka je ƙauye ka tambayi kakarka gergera, tsohon irin hatsinmu, nawa ya rage a rumbu.

Ɗalibin Noma, Tawa:
A takarda ne wallahi, Hajiya. Baba, to samfurin da ke Sadore, manomi zai iya roƙa a ba shi, ko na masu bincike ne kawai?