Almakasanmu na dakin haihuwa suna tsatsa, za a iya fesa musu fenti?

Dan Ringim:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka. Ina aiki a wani karamin asibiti a kauye wajen Ringim, almakasai da hantsakin da muke aiki da su duk sun fara tsatsa musamman wajen mahadar, gadon haihuwar ma kafafunsa sun ci. Wani ya ce in sayo fentin gwangwani in fesa musu kawai, wai ai su ma kamfanin wani abu suke shafa musu. Haka ne?

Maman Hajara:
Wslm. Malam kar ka soma wlh, fentin nan yana shiga tukunyar turara kaya a zafin digiri 121 zai bare, barbashin ya fada a dinkin mai jego, kuma kwayar cuta karkashinsa take buya. Ni tambayata minti nawa kuke barin su cikin Hypo? Mu minti 10 aka koya mana sai a dauraye a shanya, amma sai ka ga an tsoma tun safe an tafi cin abinci sai bayan azahar, to bilic cin karfe yake yi.

Injiniya Dutse:
Gaskiyar Sista Maman Hajara ce. Shi wannan karfen ba fenti ne a jikinsa ba, akwai wani karfe mai suna kuromiyam a cikinsa akalla kashi 10.5 cikin dari, shi ne yake haduwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani ta hana tsatsa. A kamfani bayan an kera sai a tsoma shi cikin asid, na naitirik ko irin wanda ke cikin lemon tsami, ya cinye burbushin bakin karfen da ke sama fatar ta kara kyau. Bilic da ruwan gishiri na karin ruwa su ke huda ta, soson karfe kuma ya kankare ta gaba daya.

Masu shafin gaske ma ba da buroshi ake yi ba. Akwai wanda ake sa kayan a akwati a zuke iskar kaf sannan a saki sinadarin kamar tururi ya kwanta ko ina har cikin lungu, haka ake yi wa na'urar bugun zuciya da ake dasawa a jiki da wani abu mai suna Parylene, tun 1965 yake kasuwa daga Amurka. Allura kuwa man silikon ake shafa mata dan kadan don ta shige fata ba gardama, wasu robobin fitsari kuma azurfa ce a jikinsu saboda kwayoyin cuta. Duk ba aikin bakin titi ba ne.

Mai Walda:
Yallabai gadon dai namu ne, tunda ba ya shiga jikin mutum. A kankare tsatsar tas, a sa jan fenti na kasa kafin mai kyalli. In da hali a kai Kano wajen masu fentin gari, da lantarki suke fesa shi ya manne sannan a gasa a oba wajen zafin digiri 200, ya fi jure wanki nesa ba kusa ba.

Dan Ringim:
Ngd kwarai. To wadanda suka riga suka yi tsatsar fa?

Maman Hajara:
Goga da buroshi mai laushi ka duba a rana, in tabo ne kawai zai fita. Wanda ka ga 'yan ramuka baki baki a jikinsa cire shi daga tire, a rubuta wa karamar hukuma a kawo sabo.