Gyaran kayan tarihi a lambun shaƙatawa: shawarwarin da aka bayar

A wata tattaunawa kan gyaran tsoffin gine-gine da mutum-mutumin lambun shaƙatawa da kuɗin gwamnati, an fi nanata a fara da matsalar ruwa. Idan magudana ta toshe, ko saiwar bishiya ta kutsa gindin gini, duk kwalliyar da aka yi asara ce. An ja kunne sosai kan siminti: yana riƙe danshi, tsohon dutse ya riƙa marmashewa, gara kwaɓin farar ƙasa irin na asali. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan adanawa da gyaran gine-ginen tarihi, ma ta ce kada a ƙirƙiro abin da babu shaidarsa. Ni dai ina bayan masu cewa a kafa allo mai bayyana kuɗin kwangila, a kuma ware kuɗin kulawa duk shekara.