Tatu: a ina ya fi zafi, a ina ya fi sauƙi?

Rahila Wusasa: Barkanmu da yamma 'yan aji. Ina da tambaya, amma don Allah kada a yi min dariya. Watan gobe Mama za ta cika shekara ɗaya da rasuwa, ina so a rubuta min sunanta a jikina. Tatu ɗan ƙarami, harufa shida kawai, Saratu. Na so a yi min a haƙarƙari, gefen zuciya, inda ba mai gani. Wanda ya taɓa yi ko ya san kan abin, a ina ya fi zafi, a ina ya fi sauƙi?

Bala Dogo: Allah ya ƙara haƙuri Rahila. Amma ke ɗin? Ke da kika sume ranar rigakafin sanƙarau muna aji biyu, sai da aka yayyafa miki ruwa?

Rahila Wusasa: Na san kai za ka fara. Shi ya sa nake tambaya ai.

Ishaya: Bari mai abin ya yi magana, uku ne a jikina. Rahila, daga cikin jikin nan kaf kin je kin zaɓo kusan mafi muni. Na farko a damtse aka yi min, ta waje, ina Legas lokacin. Wannan da sauƙi, kamar ana jan ƙayar aduwa a fata a hankali, minti goma na farko ne wahala, daga nan har hira muke da mai zanen. Abin da ya ruɗe ni ke nan na ce a yi min na biyu a haƙarƙari. Wayyo. Wurin fata ce kawai a kan ƙashi, injin yana bugawa kana jin karkarwarsa har haƙora, kamar an ɗora ka kan injin markaɗe. Ga numfashi, duk shaƙar da ka yi wurin sai ya motsa, mai zanen yana cewa ka tsaya cak, kai kuma ba yadda za ka yi. Sau huɗu na ce a dakata. Na uku a idon sawu ne, shi kuma kamar harbin rina, harbi ɗaya bayan ɗaya a wuri guda.

Bala Dogo: Kuma duk da kuɗinka ka sayi wannan azabar.

Ishaya: Da kuɗina, har na yi godiya.

Sista Hadiza: Rahila sannu da haƙuri. Abin da Ishaya ya faɗa haka yake, kuma akwai dalili. Allurar ba a saman fata take tsayawa ba, don saman nan saɓulewa yake yi kullum, da tawadar ta tafi da shi. Sai ta shiga shimfiɗa ta biyu, kimanin milimita 1 zuwa 2, kuma nan ne jijiyoyin da ke jin zafi suke, da ƙananan hanyoyin jini. To abu biyu za ki duba a kowane wuri: akwai tsoka ko kitse da zai tare tsakanin allura da ƙashi? Sannan wurin yana da yawan jijiyoyin ji? Inda ba nama, kamar haƙarƙari, ƙashin baya, ƙwauri, idon sawu, bayan ƙafa, gwiwar hannu, ƙashin wuya da tsakiyar ƙirji, zafi. Inda jijiya ta yi yawa ko fatar ta yi laushi, kamar yatsu, tafin hannu, leɓe, hammata, bayan gwiwa da matsematsi, shi ma zafi. Gwaji mai sauƙi, duk inda aka yi miki cakulkuli kika zabura, to ki bar wurin.

Rahila Wusasa: To Sista me ya rage kuma? Kin ƙirga jikin duka.

Sista Hadiza: Ya rage damtse ta waje, bayan hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu, cinya ta waje, da sha-raɓa. Duk masu nama ne. Harufa shida a irin wuraren nan ba wani dogon zama ba ne, kuma tsawon zaman ma yana ƙara zafin, fatar da aka yi ta bi awa biyu ba ɗaya take da ta minti ashirin ba.

Ishaya: Ƙarin bayani, kada wani ya ba ki shawarar yatsa wai don ƙarami ne. Ya fi zafi, kuma ya fi saurin kwaɓewa. Wanki, wanke-wanke, kafin ki ankara rubutun ya dishe ya zama kamar tabon biro. Wani abokina sau biyu ana maimaita masa.

Malam Garba: Assalamu alaikum yarana. Rahila, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ina ta karatu ina murmushi, don ni da billena nake yawo shekara sittin da wani abu, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ranar suna wanzami ya yi min da aska, aka shafa baƙin tukunya, shi ke nan. Wannan tsagar gado ke nan. Akwai kuma ta ado, wadda 'yan matan zamaninmu ke zuwa da ƙafarsu a yi musu, irin su kalangu da 'yar baka. Yayata ta yi 'yar baka, kwana uku ba ta iya buɗe baki ta ci tuwo, sai kunu. Ta kan ce ta goshi wasa ce a kan ta gefen baki. Kun ga bayanin Hadiza tsofaffi sun san shi, sunan turanci ne kawai ba su sa masa ba. Ku dubi matan Bororo ma, zanen fuskarsu har tsufa ba ya gogewa. Yau dai an rage yi wa jarirai, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana a yi wa yaro tsaga ko tatu. Abin da nake so ki riƙe, 'yata, zafin na yini ɗaya ne, zanen kuwa tare za ku tsufa.

Rahila Wusasa: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma.

Ustaz Aminu: Da izinin Malam. Ba don in shiga tsakanin Rahila da addininta ba, amma tunda zauren akwai Musulmi da yawa, kada wani ya karanta ya ɗauka shawara ce gare shi. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim, an la'anci mai yin zanen da wadda ta nemi a yi mata. Lalle kuwa ba laifi ga mata, don rini ne a saman fata, yana tafiya.

Rahila Wusasa: Ustaz ba ka yi laifi ba. Mu ma a wajenmu ba baki ɗaya ba ne. Kawuna da na gaya masa, Littafin Firistoci 19:28 ya buɗe min, ga shi ayar ta ambaci tsaga jiki saboda mamaci. Wasu kuma suna cewa dokar ta Isra'ilawa ce a zamaninsu. Ina ta juya abin a raina, ban gama yanke shawara ba.

Bala Dogo: A matsayina na admin, wa'azi ya isa haka daga ɓangarorin biyu, kowa ya isar. A koma kan haƙarƙari.

Yakubu Soja: Nawa gajere ne. Ke ba ruwanki, kin riga kin kama aikinki. Amma ki ja kunnen ƙanenki da na ji yana maganar shiga soja, kada ya gani ya kwaikwaya. A wajen tantancewa tuɓe riga ake yi a duba jiki, mai tatu gida ake mayar da shi, ko Depot ɗin nan namu na Zariya, inda ake horar da kuratan soja, ba zai leƙa ba. Na ga ƙato ya yi gudu ya wuce kowa, aka sallame shi saboda wata 'yar kunama a kafaɗa.

Maryam Mai Lalle: Rahila zo nan, ni ce maganinki. Kafin ki sa a huda ki, zo in rubuta miki Saratu da jan lalle a daidai inda kike so, da irin rubutun da kike so. Sati biyu yana nan. Ki kwana da shi, ki tashi da shi, ki je aiki da shi. In kin ga wurin bai yi ba mu sauya, in girman bai yi ba mu rage. Amare nawa suka zo min da hoto a waya suna rantsuwa shi suke so, kwana biyu su dawo suna tambayar yadda ake gogewa. Nawa dai yana gogewa.

Sista Hadiza: Wannan shawarar ta yi. Amma Maryam ja kawai, ban da dayis.

Maryam Mai Lalle: Haba Sista, ai na ce ja.

Sista Hadiza: Na ji, don sauran nake faɗa. Baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi yana da wani sinadari, PPD, wasu fatarsu ba ta ɗaukarsa, sai wurin ya yi ƙuraje masu ruwa ya bi sawun zanen tsaf, ya bar tabo. Mun sha ganin amare da shi. Koma kan tatu. Rahila in har za ki yi, allura a buɗe ta daga leda a gabanki, tawada a zuba sabuwa a ɗan kofi, mai zanen ya sa safar hannu. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk suna bin allurar da aka yi wa wani. Ki ci abinci ki ƙoshi kafin ki je, masu sumewa yawanci da yunwa suke zuwa. Kada ki sha asfirin don rage zafi, jini yake tsinkawa, wurin ya yi ta tsatsa. Akwai man lidocaine da ke kashe fata na ɗan lokaci, amma ki tambayi mai zanen tukuna, ba duka ke son aiki a kansa ba.

Ishaya: Kuma ki dubi lokaci. Na haƙarƙarin nan a watan Afrilu na yi, ga zafin bazara, ga gumi, ga riga tana goga. Sati biyu zuwa huɗu kafin saman ya warke, yana ƙaiƙayi kamar hauka kuma ba halin sosawa. Ke mace ce ma, daidai nan rigar mama take zama. Ki yi tunani.

Sista Hadiza: Tsaya, akwai abin da ya kamata in fara tambaya na manta. Rahila, in kin ji rauni yaya tabonki yake warkewa? Yana kwanciya, ko yana tasowa ya yi tudu mai sheƙi? Dubi hujin kunnenki da tabon lambar da ke damtsenki.

Rahila Wusasa: Lambar dai lafiya. Amma huji na biyu da na yi a saman kunne ya yi wani ƙullutu kamar gyaɗa, shekara huɗu ke nan, shi ya sa kullum nake ja da ɗankwali ta wannan gefen. Mama ma tana da irinsa a ƙirji, inda aka taɓa yi mata ƙaho.

Sista Hadiza: To a tsaya nan. Wannan ya yi kama da abin da muke kira kiloid, tabon da ke girma ya wuce girman raunin. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, yana bin jini a gida, kuma wuraren da ya fi so su ne kunne, ƙirji, kafaɗa da saman baya. Tatu rauni ne, huji dubbai a jere. Ba na cewa lallai zai taso miki, amma in ya taso, sunan Mama ne zai kumbura ya karkace, kuma cire shi ya fi sa shi wuya nesa ba kusa ba. Yanke kiloid kaɗai sau da yawa dawowa yake, wani lokaci ya fi da. Goge tatu da na'urar haske ta lesa kuma zuwa ne bayan zuwa, ga tsada, ga shi yana iya barin fari-fari a fatarmu. Ki je asibitin koyarwa na Shika ki nemi ganin likitan fata, ki nuna masa kunnen. Ko ba don tatu ba, akwai allurar da ake yi wa ƙullutun ya kwanta.

Ishaya: Sista ta fi ni gaskiya. Na janye damtsen ma sai likita ya gani.

Rahila Wusasa: Ikon Allah. Na zo tambayar zafi, na tashi da zuwa asibiti. Shekara huɗu ina ɓoye kunnen nan ban san ana maganinsa ba. Sista zan kira ki da dare ki gaya min ranar da ake ganin masu fata. Maryam, Asabar kina gida?

Maryam Mai Lalle: Ina nan Tudun Wada, bayan la'asar, da safe ina da amarya. A hannu za mu fara ko a haƙarƙarin?

Rahila Wusasa: A haƙarƙarin. Lalle ai ba ya huda.

Bala Dogo: Maryam ki tanadi ruwan yayyafi dai, ko da wani abu.