Abin da aka tattauna kan labarin 'yar malam

'Yan uwa, ga abin da na tsamo daga doguwar muhawararmu kan labarin da ƙanwarmu ke rubutawa: yarinya 'yar shekara 16 a wani ƙauye kusa da Ringim, mahaifinta malamin zaure, zai cire ta daga boko ya aurar da ita ga almajirinsa.

1. Kusan kowa ya ce kada a mai da uban mugu. Tsoron lalacewar 'yarsa ke cin sa. A nuna shi da asuba yana rage mata koko a kwanonsa.

2. Hujjar yarinyar ta fito daga karatun da shi ya koya mata. An kawo hadisin Khansa'u bint Khidam cikin Bukhari, wadda Annabi (SAW) ya warware auren da ubanta ya yi mata ba da sonta ba. Wannan ya fi kama ni. Amma a ƙauyukanmu ɗiya ba ta gardama da uba baki da baki, don haka maganar ta bi ta hannun goggo, kawu ko liman.

3. A nan aka rabu kan ƙarshen labarin. Wasu sun ce yarinyar ta hau mota ranar kasuwa ta gudu Kano, don hakan na faruwa. Wasu suka ce yara na karantawa, gara ta koma gidan kakarta ta gama sakandare. Ni ina tare da na biyun.

4. An tuna cewa a 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya, shi ya sa aka ce ƙanwarmu ta kiyaye harshe in ta zo kan malamai.